Ta ina zan fara koya wa ɗalibai labarin ruwan Kano?

Tambaya: "Assalamu alaikum. Ni malama ce a wata ƙaramar sakandare ta 'yan mata a cikin birnin Kano. An ɗora mini alhakin shirya wa ɗalibai da iyayensu wani abu a kan ruwa kafin Ranar Ruwa ta Duniya. Abin da ke cikin littafinmu bai wuce zanen yadda ruwa ke tashi daga teku ya zama girgije ba, sai sunayen kogin Neja da Binuwai. Yaran nan ba su taɓa ganin teku ba, kuma da yawansu sai sun bi layin ruwa kafin su taho makaranta. Wata ta tambaye ni, tunda muna da madatsar ruwan Tiga, me ya hana famfon gidansu kawo ruwa? Na rasa abin da zan ce mata. Ta ina zan fara, kuma me ya kamata ni kaina in sani?"

Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya saka da alheri, ya ƙara wa ɗalibar nan basira, don tambayarta ta fi zanen da ke cikin littafin amfani. Idan na fahimce ki, abu biyu kike nema: abin da malami ya kamata ya sani game da ruwan yankinmu, da kuma yadda zai isar da shi ga yara da manya har ya zauna. Aikina binciken ruwan ƙarƙashin ƙasa ne da lura da madatsun ruwa, kuma na sha zama da malamai a kan wannan batu, don haka zan faɗa miki abin da na ga yana aiki.

Shawarata ita ce ki fara daga jarkar da ke tsakar gidan ɗalibarki. Ki bi ruwan cikinta baya-baya har inda ya faɗo daga sama, sannan ki bi shi gaba har inda ya tafi bayan an zubar da shi a kwata. Duk abin da manhaja ke so a koyar yana kan wannan hanyar, har da zanen girgijen, sai dai yanzu kowane zango yana da sunan da yaran suka sani.

Ruwan sama da dutsen da muke zaune a kai

Mutane da yawa suna mamaki idan aka ce musu ruwan saman da ke sauka a Kano a shekara ya fi na birnin Landan. A matsakaicin lissafi na shekaru masu yawa, namu yana tsakanin milimita 800 zuwa 900, kudancin jihar, wajen Doguwa da Tudun Wada, yakan haura 1000, nasu kuwa bai yi nisa da 600 ba. Bambancin shi ne namu yana zuwa ne a dunƙule, daga wajen Mayu zuwa ƙarshen Satumba, mafi yawansa a Yuli da Agusta, sannan a yi wata bakwai ko fiye ba ɗigo. Ga rana da iskar hunturu, waɗanda za su iya ƙafar da fiye da ninki biyu na abin da ya sauka idan ruwan yana buɗe a fili. Wannan shi ne tushen duk wani zance na ruwa a Kano: abin da aka samu a wata huɗu ko biyar shi za a sha wata goma sha biyu.

To ina ake ajiye shi? Wurin ajiya na farko shi ne ƙasa kanta, kuma a nan ne Allah ya yi mu daban da maƙwabtanmu na gabas. Birnin Kano da kudancin jihar da yammacinta suna zaune ne a kan tsohon dutse mai tauri, wanda ruwa ba ya ratsa shi. Ruwan da muke samu a rijiya yana cikin ruɓaɓɓen saman dutsen ne, wato inda ya daɗe ya marmashe ya zama ƙasa, da kuma cikin tsagogin da ke jikinsa. Idan kika nufi arewa maso gabas, kika shiga Jigawa wajen Gumel da Haɗeja, sai dutsen ya nutse can ƙasa, yashi da laka masu kauri suka hau kansa, kuma yashi yana riƙe ruwa sosai. Shi ya sa a can kusan duk inda aka haƙa a samu, a nan kuwa gida biyu suna jingine da juna, ɗaya ya yi burtsatse ya dace da tsaga ya samu ruwa, ɗayan ya kashe kuɗinsa ya tarar da busasshen dutse. Ba mugun baki ba ne, ba kuma lallai mai haƙar ne ya cuce shi ba.

Wannan bayani yana da muhimmanci ga iyaye fiye da yara, domin akwai wani zato da ya yaɗu cewa akwai wani babban kogi yana gudu a ƙarƙashin Kano, duk wanda ya zurfafa zai same shi. A irin dutsenmu, idan an wuce inda tsagogin suke, ƙarin zurfi ƙarin asara ne. Kuma ruwan da ke cikin tsagogin nan ruwan saman daminar da ta wuce ne da waɗanda suka gabace ta. Duk lokacin da aka kafa burtsatse mai inji yana ja ba dare ba rana, ruwan da ke kewaye da shi yana yin ƙasa, rijiyoyin guga na maƙwabta su ne farkon ƙafewa. A lokaci guda muna ta toshe hanyoyin da ruwan ke bi ya shiga ƙasa. Tsakar gida siminti, ƙofar gida intalok. Kududdufan cikin birni, waɗanda asalinsu ramukan da aka ɗebi ƙasar ginin gidaje da ganuwa ne, su ne suke tare ruwan damina su shayar da rijiyoyin unguwa a hankali. An cike da yawansu da shara an yi gini a kai. Ruwan da ya rasa masauki kuwa ba ya fasa zuwa, sai ya shiga ɗakunan mutane a watan Agusta, rijiyar kuma ta ƙafe a watan Afrilu. Ambaliyar da ƙafewar duk daga tushe ɗaya suke.

Madatsun ruwa da kogin da ya haɗa mu

Tunda ƙasa ba ta iya riƙe mana abin da zai isa, sai aka koma tare ruwan a sama. Ki ce wa yara dam rumbu ne: ana cika shi da damina, a riƙa ɗiba da lissafi har wata daminar. Mafi yawan manyan ayyukan nan sun faro ne a zamanin Gwamna Audu Baƙo, wanda ya mulki tsohuwar jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, kuma farin da aka yi a farkon shekarun 1970 ya ƙara wa aikin ƙaimi. An fara da Bagauda, sannan Tiga, wadda aka gina tsakanin 1971 da 1974 a kan Kogin Kano. An tsara ta ne ta ɗauki kusan kubik mita biliyan 2. Wannan adadi ba ya shiga kan yaro, ko babba ma, sai an fassara shi: kubik mita ɗaya lita 1000 ne, wato jarka 40 mai cin lita 25. Ki bar su su yi lissafin da kansu a kan allo, za ki ga yadda aji zai yi tsit. Daga baya aka yi Watari a Bagwai, da Tomas, da Gari, da Kafin Ciri, da ta Wasai a kan Jakara, da wasu ƙanana da dama. Ta biyu a girma ita ce ta Challawa a ƙaramar hukumar Ƙaraye, wadda aka kammala a 1992, tana ɗaukar kimanin rabin abin da Tiga ke ɗauka.

Yanzu ga abin da nake so kowane ɗalibi a Kano ya iya zanawa ido rufe. Kogin Kano yana tasowa daga tsaunukan kudu, wajen Riruwai, ya shiga Tiga ya fito. Kogin Challawa yana zuwa daga yamma, Watari ya zuba a cikinsa. Su biyun suna haɗuwa a wajen Tamburawa, kudu da birni. Daga nan suka zama kogi ɗaya, wanda muke haye gadarsa a Wudil mu ce kogin Wudil, mutanen gaba kuma su ce Kogin Haɗeja. Ya ratsa Jigawa, ya bazu a dausayin da ke tsakanin Haɗeja da Nguru, ya gamu da ruwan Kogin Jama'are da ya taso daga tsaunukan Jos ta cikin Bauchi, ya wuce ta Gashuwa a matsayin Kogin Yobe, ya bi iyakarmu da Nijar har Tafkin Chadi. Ma'ana, ruwan Kano ba ya zuwa Neja, ba ya zuwa Binuwai, ba ya zuwa teku. Littafin bai yi ƙarya ba, amma labarin wasu yake bayarwa. Hukumar tarayya da ke kula da wannan kwari, ta Haɗeja da Jama'are, an kafa ta a 1976, kuma hedikwatarta tana nan Kano.

Amsar ɗalibarki

Ruwan da ke Tiga ɗanyen ruwa ne, kuma tsakaninsa da famfon gidansu akwai matakai da yawa, kowanne yana iya tsayar da shi. Ana sako shi daga dam, wani ɓangare mai yawa ya bi babbar hanyar ruwa zuwa gonakin noman rani na Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, inda shinkafa da tumatir da alkamar da muke ci suke fitowa. Wani ya bi kogi. A matatar Tamburawa da ta Challawa a Panshekara ana zuƙo ruwa daga kogi, a sa masa alif datti ya dunƙule ya kwanta, a tace shi ta cikin yashi, a sa kulorin ya kashe ƙwayoyin cuta, sannan manyan injina su tura shi cikin bututu zuwa tankuna irin na kan Goron Dutse, daga can ya gangaro unguwanni. Kowane mataki yana cin wuta ko man dizal, yana cin sinadari, yana buƙatar gyara. Ranar da ba wuta ba dizal, ko da Tiga ta cika ta batse, ba a tura ko lita ɗaya.

Sai kuma lissafin yawan jama'a. Matatar farko ta Challawa an yi ta ne a farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, lokacin birnin bai wuce cikin ganuwa da Fagge da Sabon Gari da 'yan unguwannin waje ba. An yi ta ƙari a kanta, aka gina Tamburawa, wadda sabon ɓangarenta aka tsara shi ya tace lita miliyan 150 a rana, da ta Watari mai lita miliyan 75. Ki ba ɗalibai wannan aiki: masana lafiya suna ƙiyasta cewa mutum yana buƙatar wajen lita 50 a rana don sha da girki da wanka da wanki, jarka biyu ke nan. To lita miliyan 150 mutum nawa za ta isa? Miliyan 3, idan injin yana aiki cikakke kullum, idan ba bututun da ke yoyo, idan ba masana'anta ko asibiti ko kasuwa da ke ɗiba. Ba ɗaya daga cikin waɗannan "idan" ɗin da ke cika. Ga birni ya bazu cikin ƙananan hukumomi takwas, ya cinye ƙauyukan Kumbotso da Ungogo, unguwanni sun tashi a inda ba a taɓa shimfiɗa bututu ba. A inda aka shimfiɗa kuma, wani ya tsufa ya ruɓe, wani an fasa shi wajen aikin titi, wani an huda an ja layi ba izini. Wanda ke kusa da babban bututu ko a kwari ya samu, wanda ke kan tudu ko a ƙarshen layi ya ji iska kawai. Kuma abin yana zagayawa: ba ruwa, mutane su ƙi biya, ba kuɗin sayen alif da dizal, ruwa ya ƙara raguwa.

Saboda haka amsar a taƙaice ita ce, a mafi yawan shekaru abin da ya yi ƙaranci shi ne tacewa da turawa da rarrabawa, kafin a zo ga ruwan dam ɗin kansa. Adadin da ake turawa a kowace rana yana sauyawa da yanayin wuta da injina, don haka kada ki rubuta wani adadi a allo a matsayin na dindindin. Wannan tambaya ce da za a yi wa ma'aikatan Hukumar Ruwa ta jiha baki da baki.

Bayan mun gama da shi

Wannan ɓangaren ne aka fi tsallakewa, ni kuma shi na fi so a tsaya a kai. Birnin Kano yana da gangare biyu. Arewacinsa yana zuba a Jakara, wadda ta ratsa tsakiyar birni ta gefen Kasuwar Kurmi, ta kwashi ruwan kwatoci da na mayanka, rafin Getsi ya kawo mata na masana'antun Bompai, ta tafi ta taru a dam ɗin Wasai a Minjibir. Kudancinsa kuma, har da ruwan masana'antun Sharaɗa da Challawa, yana gangarawa Kogin Challawa. Kamfanonin jima suna amfani da sinadarin kuromiyom, kuma idan ba a tace ruwansu kafin a sake shi ba, yana tafiya da shi. A bakin Jakara, wajen Kwakwaci da gaba, akwai masu lambu da wannan ruwan suke ba latas da alayyafo da kabeji. Ba na faɗar wannan don a tsangwami masu lambu, neman halak suke yi da ruwan da suka samu. Ina faɗa ne don yarinya ta gane cewa ledar da ta jefa a lambatu da baƙin man da bakanike ya tuttular suna da inda suke zuwa, kuma wani lokaci a faranti suke dawowa.

Sai mutanen da ke ƙasa da mu. Kafin a gina manyan madatsun, kogin yana cika ya malale fadamun Haɗeja da Nguru a ƙarshen damina, sannan ya janye. Manomi ya shuka shinkafa a ruwan, ya bi danshin da wani amfanin, masunci ya kama kifi, makiyayi ya samu ciyawa da rani, ƙasa ta sha ta cika rijiyoyi. Da aka tare ruwan, malalar ta ragu, sai kuma ya zama ana sako ruwa kaɗan-kaɗan duk shekara, hanyoyin ruwan suka daina bushewa. Wannan yanayi ya yi wa ciyawar kacalla daɗi. Ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki, ta zama maɓoyar tsuntsayen jan-baki masu cinye hatsi, ruwa ya riƙa kwanciya inda ba a so, yana kasa isa inda ake jiransa. Lokacin da aka gina Tiga, Haɗeja tana cikin jihar Kano. Tun 1991 da aka ƙirƙiri Jigawa, maganar Haɗeja ma ta zama ta tsakanin jihohi.

Ra'ayina a nan, kuma ki ɗauke shi a matsayin ra'ayi: gina madatsun ba kuskure ba ne, ba don su ba birni mai girman Kano ba zai sha ruwa da bazara ba, noman ranin Kura ma ba zai yiwu ba. Amma wasu ne suka biya wani ɓangare na kuɗin, kuma ɗan Kano ya kamata ya taso da sanin haka. Sai dai ki kiyayi wuce gona da iri. Za ki ji ana cewa Tiga ce ta ƙafar da Tafkin Chadi. Gaskiya ne tafkin ya ragu ƙwarai daga kusan murabba'in kilomita 25,000 da yake a farkon shekarun 1960, musamman bayan farin shekarun 1970 da 1980, amma kusan duk ruwansa daga kogunan Shari da Logon yake zuwa, ta ɓangaren Chadi da Kamaru. Abin da Kogin Yobe ke kai masa ɗan kaɗan ne.

Abin da za a yi a aji

Duk abin da yaro ya auna da hannunsa ya fi abin da ya kwafa daga allo zama. Abu mafi sauƙi shi ne rufin ajinku. Milimita ɗaya ta ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce cif. Ku auna aji, a ce tsawonsa mita 9 faɗinsa 7, murabba'in mita 63 ke nan. A ninka da 800, ya ba da lita 50,400, sama da jarka 2000 daga rufin aji ɗaya a damina ɗaya, duk suna bin indararo suna tafiya. Na ga shugabannin makarantu da wannan lissafin kaɗai ya sa suka fara maganar tanki. Idan damina ta zo, robar lemo mai miƙaƙƙen jiki da aka yanke wuyanta aka kifa shi ciki, da rula, sun isa ma'aunin ruwan sama. Ba zai yi daidai da na hukumar hasashen yanayi ba, amma zai nuna musu bambancin yayyafi da mamako da lamba.

Idan akwai rijiya a makaranta ko a masallacin kusa, a sa babba ya riƙa zura igiya da ɗan nauyi a bakinta sau ɗaya a wata, a auna inda ruwa ya tsaya, a rubuta a littafi guda da ba zai ɓata ba. Babba na ce, ba ɗaliba ba, kuma a rufe rijiyar bayan an gama. Shekara ɗaya ta isa su ga ruwan yana hawa bayan Agusta yana sauka har Mayu. Don nuna bambancin ƙasarmu da ta Haɗeja kuwa, a cika roba ɗaya da yashi, ɗaya da manyan duwatsu da aka cusa laka a tsakaninsu, a zuba ruwa daidai wa daida, a ga wacce ta sha ta kuma bayar.

Taswirar kogin kada a zana ta a takarda da farko. A fita fili a zana a ƙasa, a tona 'yar hanya, a sa wata ta tsaya a Tiga, wata a Ƙaraye, wata a Tamburawa, wata a Wudil, wata a Haɗeja, wata a Gashuwa. A zubo ruwa da buta daga sama. Ta Tiga ta tare da hannu, a tambayi ta Gashuwa me ta samu. Gardamar da za ta tashi a wurin ita ce darasin, ki bar ta ta ɗan yi zafi kafin ki raba.

Akwai gwajin da malamai suke so, na tace ruwan kwata ta cikin tsakuwa da yashi da gawayi, ko a sa garin 'ya'yan zogale ya kwantar da datti. Yana da kyau, amma yana da haɗari idan aka tsaya a nan, domin yara suna tafiya da fahimtar cewa ruwan da ya yi garau ya zama na sha. Ƙwayoyin kwalara da taifot ba sa canza wa ruwa kala. A nan za ki iya haɗa kai da malamin Islamiyya, tunda yaran sun riga sun koyi cewa ana duba launin ruwa da ɗanɗanonsa da ƙanshinsa kafin a yi tsarki da shi. A bayyana musu cewa wannan hukuncin ibada ne, ruwa yana iya halatta a yi alwala da shi amma ya kwantar da wanda ya sha. Tafasawa ko kulorin ne ke kashe ƙwayar cuta, su ma ba sa cire sinadarin masana'anta. Ni ba likita ba ne, don haka bayanin cututtukan, har da tsargiya da yara ke ɗauka wajen wanka a kududdufi da hanyoyin ruwan noman rani, ki gayyato ma'aikaciyar lafiya daga asibitin unguwa ta yi shi. Haka nan ba ni da ikon ce wa kowa ruwan rijiyarsa lafiya lau ne daga nesa, ni ko wani. Wannan sai an kai samfur ɗakin gwaji.

Ranar iyaye

Manya ba sa son a tara su a yi musu faɗa a kan tsafta, sun sha ji. Abin da ke riƙe su shi ne kuɗi da lafiyar 'ya'yansu. Kafin ranar, kowace ɗaliba ta ƙirga jarka nawa ake amfani da ita a gidansu a mako, da nawa ake biyan mai garuwa, ba tare da an rubuta sunan gida ba don kada a kunyata kowa. A haɗa lissafin aji, a fitar da kuɗin lita ɗaya ta kura, da ta ruwan leda, da ta famfo. Kusan kullum sakamakon yana nuna cewa wanda ya fi ƙaramin ƙarfi shi ya fi sayen ruwa da tsada. Ɗalibai su gabatar da wannan da bakinsu, a gaban mai unguwa da liman da kansila idan ya samu zuwa. A gayyaci mai garuwa ɗaya ma ya faɗi inda yake ɗebowa da nawa yake saye, don shi ma yana da nasa lissafin, kuma ba kasafai ake tambayarsa ba.

Saƙonnin da za a ba iyaye kada su yi yawa. Tazarar rijiya da masai ko sokawe, wadda ake so ta kai mita 30, abin da na san gidajen cikin birni da yawa ba su da filinsa, shi ya sa tafasa ruwan sha ko sa masa kulorin ya zama dole a irin waɗannan gidaje. Rufe randa da ware mata moɗa guda. Barin wani ɓangare na tsakar gida ba siminti. Yin binciken ƙasa kafin a kira masu haƙa burtsatse, da haɗa kai a yi guda ɗaya mai kyau maimakon biyar a layi ɗaya suna janye wa juna. Maganar almubazzaranci kuma liman ya fi ki iya ta, ya ishe shi ya tuna wa jama'a cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana alwala da mudu ɗaya na ruwa. Idan aka tara ruwan alwalar mutum ɗaya da buta a roba, aka tara na wanda ya saki famfo a wata robar, aka ajiye su gefe da gefe, ba sai an ƙara bayani ba.

Ranar Ruwa ta Duniya 22 ga Maris ce, tsakiyar rani, lokacin da kogi ya ja baya kuma ake ganin yashinsa da masu ɗibarsa da tifa, don haka lokaci ne mai kyau na kai ziyara matatar Tamburawa. Shugabar makaranta ta rubuta wa Hukumar Ruwa takarda da wuri, a nemi injiniyan da zai zagaya da yara daga inda ake zuƙo ruwa har inda ake tura shi, a kuma nemi izinin iyaye a rubuce. Idan za a je bakin dam, ba shiga ruwa, ba hawa kwalekwale ko da an ce kyauta ne. Ba mu manta da hatsarin jirgin ruwan Bagwai na ƙarshen 2021 ba, wanda yawancin waɗanda suka rasu a cikinsa ɗaliban Islamiyya ne, Allah ya ji ƙansu. Idan kuma kuɗin mota ya gagara, a hau Dutsen Dala da safe kafin rana ta yi zafi, da malamai biyu ko uku. Daga can ana hango Goron Dutse inda tankunan suke, ana iya nuna musu kwarin da Jakara ta bi, da gefen da Challawa take, su ƙirga tankunan burtsatsen da ke kan rufin gidaje iya ganinsu, su rubuta adadin a littafin da ake rubuta awon rijiya.